Beguwar dutsenmu da bushiyoyin taubashina

Ni dai ban taɓa ganin beguwar dutsenmu da ranta ba, ƙayarta kawai na sani. Garinmu yana gindin wani ɗan tsauni tsakanin Dogarawa da Malbaza, mai jan dutse da kurmin geza, kuma ta gabas da shi akwai wani kogo mai ƙaramin baki inda beguwa ke zaune tun zamanin kakanni. Ba ta fitowa sai sawu ya ɗauke, ta kuma koma kafin gari ya waye. Abin da mutum zai tarar da safe shi ne sawunta, da ɗan tonon da ta yi a gindin wata saiwa, da ƙayoyin da ta zubar a hanya, dogaye masu zanen baƙi da fari.

Waɗannan ƙayoyi su ne kayan aikin Inna, mahaifiyata. Mai kitso ce, kuma ba ta taɓa yarda ta tsaga kan mace da tsinken ƙarfe ba, ta ce ƙarfe yana cin fatar kai. Da hantsi takan ɗauki ɗan kwando ta hau dutsen, ta tsinto abin da ta samu a bakin kogon, ta goge da toka, ta zuba a wani tsohon gwangwanin madara. Mata har daga Konni suna aikowa a ba su ko guda ɗaya. Ba ta sayarwa, kyauta take bayarwa, amma sai wanda ta ga dama.

A gindin dutsen akwai garkar Kawu, wan Inna, inda yake noman rogo da dankali da kabewa da rani. Beguwa kuwa ba abin da take so kamar rogo. Yadda mutanen garinmu suka zauna da ita shi ne, duk mai garka a wannan gefe, idan ya tashi aiki da yamma, sai ya tattara ɓawon rogo da guntayen da fartanya ta sare da kabewar da ta fara lalacewa, ya watsa bayan shinge ta wajen dutse. Rabon mai dutse ake kiransa. Ta fito ta ci ta ƙoshi ta koma. Ba na cewa ba ta taɓa ɓarna ba. Wata shekara takan kutsa ta tone layi guda, Kawu ya wuni yana zaginta har da iyayenta, sannan ya saro ƙayar aduwa ya toshe inda ta shiga. Da yamma kuma ya watsa mata rabonta kamar ba a yi ba.

Bushiya kuma ba a nemanta, ita ke samun mutum. Da ruwan farko ya sauka za a gan ta a ƙarƙashin rumbu, a gindin shinge, a juji, tana ta shinshine-shinshine da ɗan tsinin bakinta. Ka taɓa ta, ta dunƙule kamar curin fura. Muna yara mun sha mirgina ta da ƙafa, Inna tana korarmu tana cewa mu bar ta, ita ke rage mana kunama.

Na girma na yi karatu, na zama malamar ilimin halittu a wata makaranta a Illela. Kowace shekara sai na kawo wa ɗalibai waɗannan dabbobi biyu idan muka zo kan yadda ake rarraba dabbobi dangi-dangi. Ina son misalin don ba ajin da bai taɓa ruftawa ba. In tambaya ko su 'yan uwa ne, sai a amsa baki ɗaya, ƙwarai kuwa, ba ga ƙaya nan ba. Sai in ce a bar ƙaya, a duba baki. Beguwa tana da manyan haƙoran gaba, biyu sama biyu ƙasa, masu faɗi da kaifi, waɗanda ba sa daina tsiro har ta mutu, shi ya sa take gaigayar itace da ƙashi don su rage tsawo. Danginta su ne ɓera da gafiya da kurege. Bushiya kuwa bakinta cike yake da ƙananan haƙora masu tsini na kama ƙwaro, abincinta gara da buzuzu da tana da kunama, kuma 'yar uwarta ta kusa ita ce jaɓa, wannan mai warin da ake kora daga ɗaki. Abin da ya haɗa su shi ne duka biyun suna haihuwa suna shayarwa, kamar akuya, kamar mu.

Wurin zamansu ma ba ɗaya ba ne. Bushiya tana son kusa da mutane, inda akwai taki da juji da ƙwari. Tana haifar 'ya'ya da yawa a lokaci ɗaya, da rani kuma ta shige wani rami ta kwanta har ruwa ya dawo. Beguwa sai dutse ko rami mai zurfi, mace da namiji suna zaune tare shekara da shekaru, kuma ɗa ɗaya ko biyu take haifa. Masanan da ke lura da dabbobin duniya ba su sa ko ɗaya daga cikinsu a sahun masu shirin ƙarewa ba, ina kuma faɗa wa ɗalibai haka tunda gaskiya ne. Sai dai su duniya baki ɗaya suke dubawa. Mu a namu yankin, gonaki sun hau duwatsu, masu fasa dutse sun cinye wasu, karnukan farauta sun gama da sauran. Tun ina budurwa tsofaffi suke cewa kogonmu ne kaɗai ya rage da ake tsintar ƙaya a bakinsa.

Da Kawu ya rasu, garkar ta faɗa hannun ɗansa, taubashina. Shi a Konni ya tashi, a tasha, yana da manyan motoci masu ɗaukar siminti da albasa, ya kuma je Makka tun da sauran ƙuruciyarsa. Ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya. Mutum ne mai kyauta, mai dariya har da dukan cinya, kuma yana ji da Inna ƙwarai, don ita ta goye shi lokacin da mahaifiyarsa ta yi wata doguwar jinya. Matsalarsa ɗaya ce: bai san daji ba, kuma ba wanda ya isa ya gaya masa bai sani ba. Ni da shi tun muna yara ba ma haɗuwa mu rabu ba mu tsokani juna ba. Yana kirana malamar ɓeraye, ina kiransa mai tumbi.

Ya cire shingen ƙaya ya kewaye garkar da waya, ya kawo injin ban ruwa, ya sa ma'aikata. Rabon mai dutse kuma ya soke shi, ya ce a riƙa kai ɓawon ga ragunansa. Beguwa ta fito ba ta sami komai ba, ta yi abin da kowane mai jin yunwa zai yi: ta haƙa ta ƙarƙashin waya ta shiga.

Ina gida a lokacin, na zo ɗan hutun da ake ba mu kafin zafi ya tsananta. Muna zaune a tsakar gida Inna tana yi wa wata maƙwabciya kitso, sai ga shi ya shigo da saiwar rogo a hannu, an cinye rabinta. Ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya ajiye saiwar a gabanta.

"Gwaggo, dubi aikin maƙwabciyarku. Wallahi na gaji. Zan yi maganinta."

Inna ba ta ɗago daga kan da take kitsawa ba. Ta ce, "Ɗana, ubanka bai yi maganinta ba, kakanka bai yi ba. Watsa mata ɓawo bayan waya, ka gani in ta sake shiga."

"Ni in ciyar da ɓarauniya? Haba Gwaggo."

Na sa baki na ce, "Kai mai tumbi, su biyu hwa sunka rage, mata da miji. In ka kashe su, dutsen ga ya yi wayam ke nan."

Ya dube ni ya tuntsure da dariya. "Malamar ɓeraye, ashe makarantar lakwal ɗin taki ta banza ta. Biyu? Ga ɗiyanta nan cike da gari, ƙarƙashin kowane rumbu. Da damana har motocina na taka su bisa kwalta."

"Waɗanne ɗiya?"

"Bushiya mana. In ta girma ta hau dutse, ƙayarta ta yi tsawo, ta zama beguwa. Kowa ya san wanga a tasha."

Na yi dariya har da hawaye, na ɗauka tsokana ce irin tamu. Sai da na ga ya tsaya yana kallona da mamaki na gane da gaske yake. Na gyara zama na yi masa darasin da nake yi wa ɗalibai, haƙora, abinci, dangi, har na ɗauki saiwar rogon na nuna masa faɗin inda haƙori ya yanka. Ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "To ke da karatunki, kin taɓa ganin jinjirar beguwa da idonki?"

Na ce ban taɓa ba, uwar ba ta fito da ita inda mutane za su gani.

"Gwaggo, ke kin taɓa gani?"

Inna ta ce ba ta taɓa ba.

"To," ya ce, ya miƙe yana kaɗe riga, fuskar nan cike da jin daɗin ya kayar da malama. Na bi shi har ƙofar gida ina magana, ya yi kunnen uwar shegu da ni ya shiga motarsa.

Ranar kasuwar Dogarawa muka tafi da Inna sayen kayan miya. Muna dawowa wajen la'asar, tun daga cikin motar haya na hango hayaƙi a kan dutsenmu. Ba irin hayaƙin kara ba ne mai fari da tashi sama, baƙi ne ƙirin, mai nauyi, yana kwanciya a kan geza. Inna ta gani ita ma. Ta miƙa wa wata mata kayanmu ta kai gida, muka nufi dutsen a ƙafa.

Tsofaffin tayoyin motocinsa taubashina ya sa aka yayyanka aka cusa a bakin kogon, aka tuttula fetur, aka toshe wata ƙofa da kogon yake da ita ta baya da duwatsu, aka kunna wuta tun da safe. Lokacin da muka isa wutar ta mutu, sai narkakken roba yana ɗiga daga dutse. Direbobinsa biyu sun riga sun jawo beguwar da mijinta da ƙugiyar ƙarfe, ga su nan a kwance a kan fako. Wannan shi ne ganina na farko da beguwar dutsenmu, bayan shekarun da na yi ina tsintar ƙayarta da zana ta a allo. Sun fi yadda nake zato girma. Dogayen ƙayoyin nan masu kyau sun lanƙwashe sun manne da juna, idanun sun fito, bakin a buɗe cike da baƙin toka, manyan haƙoran gaban sun karye wajen gaigayar duwatsun da aka toshe ƙofar da su. Warin kuwa, ƙonannen gashi ne haɗe da roba da fetur, irin wanda yake shiga maƙogwaro ya zauna. Na sa gefen mayafi na toshe hanci, bai hana komai ba.

Na sunkuya kan macen. Nonon beguwa a gefen jiki yake, ba a ciki ba, kuma nata a cike yake, har yana tsattsafowa. Na ɗago na dubi taubashina na ce, "Ka ce ba a taɓa ganin jinjirarta ba. Tana can ciki, ka shiga ka gani."

Ya ce, "Ke dai da neman magana."

Abin da ya fi tayar mini da zuciya bai zo ba tukuna. Sun riga sun hura wata wuta a gefe, wai za su yi gashi, don an gaya musu naman beguwa ya fi na rago. Suka feɗe namijin a gabanmu, suka yanki cinya suka ɗora. Ɗaya daga cikin direbobin ya fara kai yanka baki, ya tauna sau biyu, ya tofar yana kakari. Ɗayan ma haka. Hayaƙin taya ya ratsa naman har ƙashi. Suka jefa wa karnukan garka, karnukan suka shinshina suka ja da baya. A ƙarshe suka ja su biyun da ƙafa suka wurga a wani kwazazzabo, ƙudaje suka bi su. Ko miyar kwana ɗaya ba a samu ba.

Na wanke taubashina tas a gaban mutanensa, ban bar komai ba. Wasan taubasai ya ba ni dama, amma shi ma ya san wannan ba wasa ba ne. Na ce masa ƙazami, na ce masa wanda bai san bambancin gona da tasha ba. Ya tsaya yana murmushin yaƙe yana cewa, "Ɗiyan na nan, ɗiyan na nan." Sannan ya je ya tsinto wasu ƙayoyin da wuta ba ta ci sosai ba, waɗanda suka zube wajen jan gawar, ya haɗa su dami guda ya kawo wa Inna da hannu biyu.

"Gwaggo, ga tsinken kitso, ya ishe ki shekaru."

Inna ta dubi damin, ta dube shi. Ta ce, "Na gode, Alhaji. Ni wadda ta zubar da kanta nika tsinta."

Tun da aka haife shi ba ta taɓa kiransa Alhaji ba, ɗana take cewa. Na ga maganar ta shige shi fiye da duk zagin da na yi. Ya tsaya da damin a hannu, mu kuwa muka gangara gida. Daren nan ban iya cin tuwo ba, kuma sai da na wanke mayafina sau da yawa kafin warin ya fita.

Na koma Illela. Labari yana zuwa mini cewa Inna ba ta sauko ba. In ya zo gaisuwa ta amsa, lafiya lau Alhaji, ta ci gaba da aikinta. Ya aiko da buhun shinkafa, ta rabar wa maƙwabta. Ya aiko da atamfa, ta ba wata mai jego. Rannan ya kira ni a waya, muryarsa ba dariya, ya ce in taimaka in ba Gwaggo haƙuri, abin ya dame shi, ko barci ba ya yi sosai.

Na ce, "Mi zan ce mata? Mai da mata beguwarta, sai ta haƙura."

Ya ce, "Shi ke nan abin da taka so? To an gama."

Ban kawo komai a raina ba, don cika baki ba baƙon abu ba ne a wurinsa.

Damina ta sauka, muka shiga jarrabawa da gyaran takardu, ban samu zuwa gida ba sai da gero ya kai gwiwa. Washegarin isowata da hantsi sai ga shi cikin sabuwar shadda, baki har kunne. Ya durƙusa gaban Inna ya ce yana roƙon arziki ta taka zuwa dutse, akwai abin da zai nuna mata, da ita da malamar ɓeraye. Inna ta so ta ƙi. Ni na lallashe ta, don na ga mutumin ya rame, na kuma ɗauka ko ya dawo da watsa ɓawo ne, wanda ko ba ya da amfani yanzu, alama ce ta nadama.

A hanya ya kasa riƙe abin a cikinsa. Ya ce tun ruwan farko ya ba duk direbobinsa umarni, duk wanda ya ga bushiya a hanya, daga Bazaga har Illela, ya tsaya ya ɗauko ta a buhu. Ya sa an kankare baƙin roba daga bakin kogon, an share, an zuba su ciki. Don kada su gudu kafin su saba da dutse, ya sa an rufe bakin da ragar waya an ɗaure da siminti, an bar 'yar kafa a sama. Ta nan ake zuba musu ruwa da rogo kullum.

"Ba ɓawo ba hwa, Gwaggo," ya ce yana waiwayowa. "Rogo mai kyau, ferarre. Kahin kaka ki ga ƙaya ta hwara zuba."

Na ce, "Rogo kaɗai?"

"Da dankali wani lokaci."

"Ka leƙa ka gan su?"

"Ciki da duhu. Kuma an ce ba su son a dame su."

Warin ya riga ya tarye mu tun ba mu kai rabin hawa ba. Wancan na farko warin ƙuna ne. Wannan na ruɓa ne, mai zaƙi-zaƙi, mai danƙo, ga manyan ƙudaje kore suna shiga suna fita ta kafar. Inna ta ja mayafi ta rufe hanci. Shi ma ya yamutsa fuska, amma ya ce rogon ne ya yi tsami saboda ruwa.

Na ce ya sa a fasa. Ya ce za su gudu. Na ce in bai sa an fasa ba zan ɗauki dutse in fasa da kaina, kuma ya san zan aikata. Ya kira wani ma'aikacin garka ya zo da guduma. Da ragar ta faɗi, mutumin ya yar da gudumar ya ja baya yana salati.

Rogo ne tuli guda a bakin kogon, na ƙasa ya narke ya zama baƙin ruwa, na sama ya yi furfura. A cikinsa da kewayensa ga bushiyoyi nan birjik, ban ƙirga ba, ban kuma so in ƙirga. Wasu sun mutu a dunƙule. Wasu sun mutu a jikin raga, ƙananan faratansu a maƙale da waya. Wasu fata ce kawai da ƙaya, an cinye cikin, don da yunwa ta kai musu karo sun koma kan junansu. Ko'ina tsutsa ce, fara fat, tana motsi har kana jin ƙararta. Na ruga bayan wata geza na amayar da kunun da na sha da safe.

Ina can ina goge baki na ji ya ɗaga murya da murna. "Gwaggo! Malama! Ku zo ku gani!"

Guda ɗaya ce da rai. Tana tsakiyar gawarwakin 'yan uwanta tana tsintar tsutsa hankali kwance, ta yi ƙiba har tana tafiya da ƙyar. Ya sa shebur ya ɗauko ta, ta dunƙule, ya ɗaga ta sama yana juyawa.

"Kun gani? Wagga ta kama! Dubi girmanta, ta hi sauran nesa. Ƙayar ma ta hwara tsawo."

Wallahi da ba don Inna tana wurin ba, ban san abin da zan yi masa da shebur ɗin nan ba. Na karyi tsinken geza, na sunkuya kan wata da ba ta gama ruɓewa ba, na buɗe bakinta, na ce ya matso. Ya matso yana toshe hanci. Na ce ya dubi haƙoran, ƙanana kamar ƙayar kifi, ya gaya mini da wanne za ta yanki rogo. Sannan na tura masa saiwa ɗaya da ƙafa daga saman tulin, na ce ya nemo mini inda aka ciza. Ya juya ta. Ya ɗauki wata ya juya, ya ɗauki ta uku. Duk lafiyarsu lau, yadda aka fere su haka suke. Na ce, "Wagga da kaka murna da ita, tsutsar 'yan uwanta ta ci ta yi ƙiba. Ko shekara ɗari ta yi cikin kogon ga, bushiya za ta mutu."

Ya sauke shebur ɗin a hankali, ya tsaya yana kallon tulin, gefen sabuwar shaddarsa yana jan baƙin ruwan nan bai ma sani ba. Na so in ji sanyi a raina da ya gane, ban ji ba, ƙyama kawai nake ji, da shi da warin da duk abin.

Inna ta matso. Ta sa gefen zaninta ta ɗauki mai ran daga kan shebur, ta ce za ta sake ta a gindin rumbu. Sannan ta ce masa, ba tare da ta dube shi ba, "A kwashe ƙazantar ga a binne. A bar bakin kogon buɗe, kada a sake sa mishi komi. Wata na iya zuwa daga wani wuri ta zauna."

Ya ce, "To, Gwaggo," da wata ƙaramar murya da ban san shi da ita ba.

Sai ta juyo gare ni. "Ke da kinka yi karatun abin, daga wane dutse wata za ta zo?"

Daga inda muke tsaye ana hango nesa, don ruwa ya wanke sama. Na dubi tsaunin da ke wajen Malbaza, an cinye gefensa ya yi fari. Na dubi na arewa, gero ya hau har ƙoƙuwarsa. Na dubi 'yan ƙananan da ke bin hanyar Konni, inda ake jin harbin mafarauta kowace rani. Tana tsaye tana jira, bushiyar a dunƙule cikin zaninta. Na so in ce mata Allah mai iko ne in yi shiru, amma tambayar gaskiya ta yi mini.

Na ce, "Babu, Inna."

Ta daɗe tana kallon bakin kogon. Sannan ta gyara riƙon zaninta ta ce masa, "To toshe shi, Alhaji. Wari shika yi."

Ta juya ta fara gangarawa, muka tsaya mu biyu da ƙudaje.